Wanda Ya Amsa wa Kaka Mero

Na san Musbahu ne a farkon 2016, ranar da aka kawo shi ɗakinmu na Hor Al Anz a Dubai da jaka ɗaya da ledar kilishi. Mu huɗu ne a ɗakin, gadaje masu hawa biyu, shi aka ba na saman nawa. Ni sana'ata rakiyar 'yan kasuwar Kano, in zaga da su shagunan Deira su sayi kaya. Shi kuma ya samu aiki a wani ofishin kargo a Al Khabaisi, yana rubuta sunaye a jikin kwalaye, yana bin kwantena har ta bar tashar ruwa. Shekarunsa ashirin da bakwai a lokacin. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya shiga gardamar ƙwallo. Na girme shi da shekara goma sha biyu, don haka Yaya yake ce mini.

Abin da ya bambanta shi da sauranmu shi ne bakinsa ba ya hutawa. Ko guga yake yi sai ka ji yana jera kalmomi ƙasa-ƙasa, yana buga yatsa a kan teburi. Tun yana sakandare yake gambarar zamani, abin da yara ke kira hip-hop. Ya taɓa gaya mini mahaifinsa ya fasa masa kaset har sau biyu, bai daina ba.

A Yawuri aka haife shi, amma yana ɗan shekara uku mahaifinsa ya dawo da su Kano, ya kama sayar da albasa a 'Yankaba. Kakarsa ta wajen uba, Mero, daga baya ta biyo su bayan rasuwar mijinta. 'Yar Gungawa ce, mutanen da suka zauna a tsibiran kogin Kwara kafin a gina madatsar Kainji ruwa ya shanye garuruwansu. Tana da yarenta, amma a gidan Kano ba ta yin sa sai da awakinta. Mahaifin Musbahu ne ya hana ta yi wa yara. Ya ce me zai tsinana musu a birni, in ban da a riƙa yi musu dariya a makaranta. Ita kuwa ba ta taɓa kiran Musbahu da sunansa ba. Rumbe take ce masa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ta dalili.

Ana gobe zai taho Dubai ya shiga ɗakinta da hantsi, ya ce ta sa masa albarka ya ɗauka a waya, don ya riƙa saurare in kewa ta dame shi. Ta yi masa addu'a da Hausa. Sai kuma ta rufe ido, ta fara wani abu mai kama da waƙa da yarenta, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba, wajen minti uku. Su biyu ne kawai a ɗakin. Ya ce shi dai ya riƙe wayar ya yi shiru har ta gama. Ta rasu cikin azumin 2017, bai samu zuwa jana'iza ba, kuma tun daga ranar bai sake iya buɗe muryar ba.

A Al Satwa ya haɗu da mutanen da suka zama abokan waƙarsa. Ya kai kaftani a rage masa hannu a wani ƙaramin shago, sai ya ji telan na sauraren wani kiɗa na farantan tagulla da aka ɗora a kan gangar hip-hop. Telan sunansa Ramil, daga duwatsun arewacin Filifin. Shi ya haɗa kiɗan da kansa a wata tsohuwar kwamfuta da yake ajiyewa ƙarƙashin keken ɗinki. Ta wurinsa Musbahu ya san Sabri, wani Banube ɗan Sudan mai aiki a kantin magani, wanda ke rap da yaren Nubiya. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai su taru a bayan shagon, tsakanin bandiran yadi, don yadin na shanye ƙara. Ni ma nakan bi shi wani lokaci, saboda akwai wani gidan cin abinci kusa da wurin da nake so.

Hirarsu da Turanci ce da guntun Larabci, kuma kullum sai ta koma kan ƙasa da ruwa. Sabri ya ce an kwashe kakanninsa a jirgin ƙasa daga bakin Nilu lokacin da aka yi babbar madatsa, aka kai su wani fili da ba dabino ko ɗaya, kakansa kuma ya mutu da makullin tsohon gidansa a aljihu. Ramil ya ce su ma an so a yi musu haka kafin a haife shi, amma tsofaffin matan ƙauyensu suka tare motocin aikin, aka kama mutane, aka kashe wani dattijonsu, har dai aka fasa madatsar.

Wata Juma'a Musbahu ya gama baitinsa da Hausa, yana jiran yabo, sai Sabri ya ce:

"Habibi, ka iya. Amma ku Hausawa miliyoyi ne, ko a Sudan kuna da unguwanni. Ba wanda zai wayi gari ya ce babu ku. Kafin Hausa fa? Ba ku da komai?"

Ni abin ya ɓata mini rai, na ce masa mu ba mu da wani kafin Hausa. A hanyarmu ta komawa a cikin bas Musbahu ya juyo ya ce, "Yaya, ni ina da shi fa. Yana cikin wayata."

Juma'ar da ta biyo, cikin watan Maris na 2019, ya ba Ramil muryar. Ina zaune a kan wani bandir ina shan shayi. Ramil ya sa hedifon, ya ce zai cire ƙarar awaki da ta iska, ya ɗaga muryar tsohuwar. Ya yi kusan rabin awa yana aiki. Can sai ya zare hedifon ɗin gefe ɗaya ya ce:

"Kyakkyawa ce. Wane ne namijin?"

"Wane namiji?"

"Mai amsa mata."

Musbahu ya yi dariya ya ce babu kowa a ɗakin sai su biyu. Ramil bai yi gardama ba, ya cire wayar hedifon ya saki sautin a lasifika. Muka ji Kaka Mero, murya siririya tana rawa. Ta faɗi wani abu ta tsaya. A cikin tsayawar nan, can ƙasa, wata muryar namiji ta amsa da kalmomi uku ko huɗu. Ta sake faɗa, aka sake amsawa. Haka har sau goma sha ɗaya, na ƙirga. A na ƙarshe ta ce "Rumbe" ƙarara, aka amsa da ɗan tsawo fiye da sauran.

Ramil ya ƙara ɗaga muryar namijin ita kaɗai. Ni na fara ganewa, don shekara uku ina jin muryar nan a saman kaina. Na ajiye kofin shayin a ƙasa. Sabri ya kalli Musbahu, ya kalli lasifikar.

"Kai ne," in ji shi.

"Wallahi ban buɗe baki ba," in ji Musbahu. "Ban san kalma ɗaya a yaren nan ba. Ko sannu ban iya ba."

Ramil ya rufe kwamfutar a hankali. Ya ce a wurinsu akwai kiɗan biki, akwai kuma kiɗan da ba a taɓawa sai dattawa sun yarda, shi ya sa bai taɓa ɗaukar komai ba sai na biki. Ya ce shi ba zai ɗora ganga a kan wannan ba sai an san ko mene ne.

Musbahu ya fara tura wa mahaifinsa muryar. Ko minti goma ba a yi ba tsohon ya kira, ina jin muryarsa daga inda nake zaune. Cewa ya yi, "Goge shi. Ka yi wa kakarka addu'a, ka goge shi." Ya kashe wayar.

Bai goge ba. Ya nemi wani direban motar albasa da ya sani tun yana yaro, ya roƙe shi in ya je Yawuri ya nemi Baba Dikko, ɗan kawun Mero, wanda ke zaune a ɗaya daga ƙauyukan da gwamnati ta gina wa mutanen tsibiri, ya kunna masa muryar. Bayan sati uku saƙon murya ya iso. Mun saurare shi tare a bakin matakalar gidanmu. Tsohon na magana da Hausar Yawuri, yana tari, kaji na kuka a bayansa.

"Ɗana, wannan ba waƙa ba ce, kira ne. A da, in za a bar wuri, babba a gida ke kiran sunayen waɗanda aka binne a nan, ɗaya bayan ɗaya, namiji na jinin gidan ya amsa a madadinsu, don su san an tashi, kada a bar su su kaɗai. Ranar da muka bar tsibiri ba a yi ba. Jirgin gwamnati ya zo da gaggawa, wasu kuma sun ce aikin jahiliyya ne. Rumbe, wan kakarka, shi ya kamata ya amsa. Abin ya tsaya masa a rai. Bayan kwana tara ya ɗauki kwale-kwale ya koma, ya ce zai kira ya amsa wa kansa. Ruwa ya riga ya kai rufin ɗakuna. Ba mu sake ganin sa ba, ko kwale-kwalen ba a gani ba."

Muka zaci saƙon ya ƙare. Sai ya ce, "Amma wa ya amsa mata a nan? Ya iya. Yadda tsofaffinmu ke yi ne sak. Ni kaina ban iya haka ba. Ka gaya mini ko ɗan wane ne."

Daga nan Musbahu ya canza, amma ba irin canjin da za ka nuna da yatsa ba. Yana zuwa aiki, yana salla a kan lokaci, yana cin abinci. Sai dai ya daina jera kalmomi in yana guga. Sau biyu na dawo ɗaki da azahar, ba kowa, na tarar da wani wari kamar na lakar bakin kogi. Na duba na'urar sanyaya ɗaki, na duba banɗaki, ban ga komai ba. Sauran 'yan ɗakin suka ce bututun ginin ne ya tsufa, na bar shi a haka.

Abin da ya tsorata ni sosai a kan ruwa ya faru, da rana tsaka. Muna tsallake mashigin ruwan Khor daga Deira zuwa kasuwar yadi a abra, ƙaramin jirgin katakon nan da ke ɗaukar mutum ashirin. Rana na dukan ruwa har ba a iya kallo. Mun kai tsakiya sai Musbahu ya karkatar da kai kamar mai sauraren wani daga nesa. Ya buɗe baki ya faɗi kalmomin nan, ba da ƙarfi ba. Ya yi shiru. Ya sake faɗa. Wata 'yar Indiya da ke kusa da shi ta janye ɗiyarta. Na kama hannunsa, na ji shi sanyi ƙalau a cikin wannan zafin.

"Musbahu! Da wa kake?"

Ya kalle ni kamar na tashe shi daga gyangyaɗi. "Me na ce, Yaya?"

Washegari na kai shi wurin wani malami ɗan Damagaram da ke limanci a ƙaramin masallacin bayan kasuwar zinariya. Ya yi masa ruƙiyya, Musbahu na zaune lafiya lau, ko gezau. Da malamin ya ji labarin duka, ya tambaye shi wa ya goya shi yana jariri. Ya ce kakarsa, har ya kai shekara uku. Malamin ya ce to abin da yaro ya ji a bayan mai goyonsa yakan kwanta a cikinsa ya tashi daga baya, ba lallai aljani ba ne. Ya ce ya yawaita azkar, ya yi wa mamatan sadaka. Musbahu ya ji daɗin wannan bayanin. Ni ma na so in yarda da shi, sai dai na kasa daina tunanin wa tsohuwar take yi wa kiran a lokacin, kuma wa ke amsa mata, har jariri ya haddace amsar.

Ƙarshen shekarar aka gayyace su wani taron hip-hop a wani tsohon sito a Al Quoz. Masu shirya shi sun ga bidiyon Ramil da Sabri, suna neman mawaƙa daga ƙabilun da aka ƙwace wa ƙasa ko aka tasa daga wurarensu. An zo da mutane daga Kanada, daga Maroko, daga Ostireliya. Musbahu ya rubuta baiti a kan tsibirin, a kan albasar da ake nomawa a bakin ruwa, da gidajen siminti masu zafi da aka kai mutane, da uban da ya hana 'ya'yansa yaren uwarsa. Yana so ya rufe da muryar Mero. Ramil ya haƙura ya haɗa, amma ya ajiye kala biyu, ɗaya da muryar, ɗaya babu.

Da la'asar kafin a fara, wata mawaƙiya 'yar ƙabilar Maori daga New Zealand, mai zane a haɓarta, ta nemi ta ji. Ta sa hedifon, ba ta kai rabi ba ta cire.

"An ba ka izinin wannan?"

Ya ce mai muryar ta rasu, wa zai tambaya.

"To ka tambayi wanda ke amsa mata. Mu a wurinmu, mai amsawa shi ne mai riƙon abin."

Ba ta san shi ne mai amsawar ba. Musbahu ya juya ya ce wa Ramil ya sa wanda babu muryar.

Ina tsaye a gaba lokacin da suka hau. Sabri ya yi nasa, mutane suka yi ihu. Farantan tagullan Ramil suka shigo, Musbahu ya yi baitinsa da Hausa, tsaf, ban taɓa jin ya yi kamar ranar ba. Aka zo wurin da muryar ya kamata ta shiga, kiɗa ya lafa, sai ganga kaɗai ke bugawa. Shirin shi ne ya ɗaga hannu ya yi shiru. Maimakon haka sai ya karkatar da kai, ya jira, ya amsa. Ya jira, ya amsa. 'Yan kallo sun ɗauka salo ne, wasu har suna maimaitawa bayansa. Ramil ya cire hedifon ya ajiye, ya ja da baya daga kwamfutar. Daga baya ya gaya mini ya duba lokutan, kowace amsa ta faɗo daidai inda take a muryar asali, alhali babu abin da ke fita a lasifika sai ganga.

Wannan shi ne hawansa dandali na farko kuma na ƙarshe. An yi ta neman sa bayan taron, ya ce a'a.

Sai korona ta zo. Jirage suka tsaya, 'yan kasuwa suka daina zuwa, muka yi watanni a ɗaki muna kallon juna. Ofishinsu ya rage ma'aikata, shi aka bar shi, amma da bizarsa ta zo ƙarewa a farkon 2021 ya ce kada a sabunta. Ranar da zai tafi Sabri ya ba shi ƙaramar kwalba da ƙasar garinsu a ciki, ya ce ya zuba a kogin can. Ramil ya ɗinka masa riga. Ni na raka shi filin jirgi, na ce ya kira ni in ya isa.

Sauran labarin a waya ya ba ni. Ya yi wata huɗu a Kano yana taya mahaifinsa a rumfa, ba wanda ya ta da maganar. Cikin Yuli, lokacin da ruwan tafkin Kainji ke ja baya, ya ce wa tsohon zai je Yawuri. Da safe Musbahu ya fito da jakarsa ya tarar da tsohon a zaure sanye da babbar riga, yana jiran sa.

Baba Dikko ya yi rauni, ba ya iya shiga jirgi, amma ya kwatanta wa mai kwale-kwalen wurin: a miƙe daga wani dutse mai tsaga, har sai an ga kan busasshiyar kuka ya leƙo daga ruwa. Suka isa da hantsi. Mai kwale-kwalen ya kashe inji. Musbahu ya ciro waya zai kunna muryar kakarsa, sai mahaifinsa ya dafe masa hannu ya ce ya mayar. Mutumin da shekara talatin Musbahu bai taɓa jin kalmar Gunganci a bakinsa ba, ya gyara zama, ya rufe ido, ya fara kira. Yana ɗan shekara biyar aka ɗauke shi daga tsibirin, amma bai manta suna ko ɗaya ba.

"Na amsa, Yaya," in ji Musbahu. "Wannan karon ina ji, ina sane. Bakina na yi, ni ina saurare. Har goma."

"Na sha ɗayan fa?"

"Baba ya ce Rumbe. Na buɗe baki, babu komai. Kamar an share allo. Muka zauna shiru, ruwan ko motsi ba ya yi. Na ce, Baba, na kasa. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru, yana kallon wajen kukar. Can ya ce, an amsa. Ya ce wa mai jirgi mu juya."

Na tambaye shi shi ya ji wani abu. Ya ce bai ji ba. Ya ce mai kwale-kwalen dai bai yi musu magana ba har suka iso gaɓa, kuma da suka sauka ya wanke fuskarsa da hannuwansa sau uku kafin ya ɗaure jirgin.

Tun daga ranar kalmomin suka bar shi. Bai koma Kano da mahaifinsa ba. Ya kama ɗaki a Yawuri, yana haɗa wa rumfarsu lodin albasa daga manoman bakin ruwa, da yamma kuma ya zauna gaban Baba Dikko da littafi yana koyon yaren daga farko, sunan kifi, sunan iska, yadda ake gaida surukai. Ya ce harshensa ya yi nauyi, matan ƙauyen na yi masa dariya in ya gaishe su. Yana ɗaukar waƙoƙin tuƙi da na biki daga bakin tsofaffi, wanda suka yarda a fitar ya tura wa Ramil a Satwa, wanda suka ce a'a ya bar musu a wayoyin jikokinsu. A ƙarshen shekarar ya auri wata malamar firamare 'yar garin, Halima Sa'adiya. Na so zuwa bikin, aiki ya hana ni, sai na aika musu da turaren wuta ta hannun wani ɗan kasuwa.